Ma'aikatan Albarushi na Farko: Aikinsu, Ladansu, da Hanyar da ta Kawo Hajarsu Zangon Lome

Hausawan da ke zaune a birnin Lome a yau, tun daga Totsi har zuwa sabon Zango da ke arewa da Agoe, sun fi sanin tarihin zangonsu ta fuskar goro da shanu da malamai. Amma akwai wata haja da ba a cika ambatonta ba, alhali kuwa tana cikin abubuwan da suka kafa garin kansa, wato albarushi. A cikin 'yan gangunan katako yake isowa bakin teku, a sauke shi a kwalekwale, a tsallake igiyar ruwa da shi, sa'an nan a ɗora wa 'yan alaro su nufi arewa. Kafin ganga ɗaya ta iso hannun falke, ta riga ta bi ta hannun mutane da yawa a nahiyoyi uku. Dukansu sun yi aiki kusa da mutuwa, amma ba duka aka biya kuɗin wannan kusanci ba. Wanda aka biya da wanda aka hana, da dalilin bambancin, shi ne zancen da ke tafe.

Yadda albarushi ya buɗe kasuwar Lome

Kafin shekarar 1874, Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, su ne ke tsare da hanyar da ta haɗa teku da kasuwar Salga a ƙasar Gwanja. Suna sayar wa fatake goro, amma suna hana bindiga da albarushi wucewa arewa, don kada makamin ya koma hannun waɗanda suke mulka. A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da ƙarfin Tonawa ya raunana, Salga ta ɓalle, hanyar kogin Volta ta buɗe, fatake suka fara gangarowa har bakin ruwa da kansu.

A wannan shekara kuma Ingilishi suka kama garin Keta, suka ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan barasa da taba da bindiga da albarushi. 'Yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, zuwa Denu da Aflao, inda hannun kwastan bai kai ba. A ƙarshen 1879 Ingilishi suka haɗiye waɗannan garuruwa su ma. Sai aka sake matsawa, aka kafa rumfuna a wani rairayi da ke dab da sabuwar iyakar, kusa da ƙauyen Be. Wannan rairayi shi ne Lome, kuma tun daga 1880 ya zama mashigar fasa-ƙwauri. Anlo da 'yan Saliyo da zuriyar waɗanda suka komo daga Barazil suka zauna, kamfanonin Ingila da na Jamus suka buɗe kantuna, Hausawa daga Salga kuma suka kafa zango. Ranar 5 ga Yulin 1884 Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa wannan gaɓa ƙarƙashin tutar Jamus, a 1897 kuma Lome ta zama hedikwatar Togo.

Masu sayen albarushi a arewa suna da yawa. Akwai maharba, akwai sarakuna, akwai masu harba bindiga a bukukuwa da jana'iza bisa al'adar mutanen yankin. Akwai kuma mayaƙan Zabarma na Gazari da Babatu, waɗanda ke kame mutane a ƙasar Gurunshi suna musayarsu da dawaki da makamai. Ko da ƙasashen Turai suka yi taro a Brussels a 1890 suka taƙaita sayar da bindigogi na zamani a Afirka, sun bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka jiragen Hamburg da Bremen da Liverpool ba su fasa kawo shi ba.

Abin da ke cikin ganga

Albarushi haɗin abu uku ne. Mai kyau, irin na soja, kashi 75 cikin ɗari wani farin gishiri ne da ake kira gishirin albarushi, kashi 15 gawayi, kashi 10 kuma farar wuta, wadda wasu ke ce wa kibiritu. Wanda ake aiko wa Afirka ƙarami ne a daraja, an rage masa gishiri, ƙwayarsa kuma gwaraza ce. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku yana da nasa leburori.

Gishirin da masana'antun Ingila suka dogara da shi a ƙarni na 18 da na 19 daga Indiya yake zuwa, musamman yankin Bihar, ta kasuwar Patna. Wasu talakawa da ake kira Nuniya, waɗanda suka gaji sana'ar, su ke kankare ƙasa daga tsofaffin bangaye da turakun shanu, su tace ta da ruwa, su dafa har gishiri ya fito. Dillalai kan ba su kuɗi tun kafin kaka, su kuma su biya da gishiri a farashin da aka yanka musu, don haka da wuya mutum ya fita daga bashi.

Farar wuta kuwa daga tsibirin Sisili na Italiya take, wanda a ƙarni na 19 shi ke ciyar da mafi yawan duniya da ita. A can yara ƙanana, waɗanda ake kira karusi, su ke ɗauko duwatsun daga ƙarƙashin ƙasa a bayansu, suna hawan matakala cikin zafi da duhu. Mai haƙa yakan ba iyayen yaro wasu kuɗi a dunƙule, yaron kuma ya zauna a hannunsa har sai an mayar da kuɗin, abin da sau da yawa ba ya yiwuwa. Bahaushen da ya san jingina ba zai rasa gane wannan tsari ba.

Gawayi shi ne na kusa da gida. Ana yin sa da itatuwa masu taushi da ke tsirowa a bakin rafi, kuma ɓare ɓawonsu aikin mata da yara ne na iyalan ma'aikata, wanda suke ƙara samun ɗan abin cefane da shi.

Yinin mai aikin albarushi

A farkon lamari, a Turai ma da turmi da taɓarya ake daka albarushi. Daga baya aka ƙera taɓare masu yawa waɗanda ruwa ko doki ke ɗagawa suna faɗuwa. Da yake suna yawan haddasa gobara, majalisar dokokin Ingila ta hana amfani da su a 1772, in ban da wasu 'yan wurare da aka keɓe, ta kuma ƙayyade cewa kada a niƙa fiye da laba 40 a zubi ɗaya, kimanin kilo 18 ke nan. Abin da ya maye gurbinsu shi ne manyan duwatsun niƙa guda biyu, kowanne yana da nauyin tan uku ko fiye, a tsaye a kan gefensu suna kewaya faffaɗan faranti.

Saboda ana buƙatar ruwa mai juya duwatsun, kuma ana gudun kusantar gari, sai masana'antun suka kasance a cikin kwaruruka masu itatuwa. Faversham a yankin Kent na cikin mafi daɗewa. Waltham Abbey, arewa da Landan, gwamnati ta saye ta a 1787 daga hannun John Walton a kan fam 10,000. A arewa maso yammacin Ingila John Wakefield ya kafa ta Sedgwick a 1764, sa'an nan a 1798 aka ba da lasin ta Low Wood a bakin kogin Leven. Cikin waɗanda suka zuba jari a Low Wood har da Joseph Fayrer, wanda ya taɓa jan jiragen bayi daga Liverpool, kuma babbar hajarta a shekarunta na farko ita ce albarushin Afirka, wanda ake sayen mutane da shi a bakin teku. Sai da Ingila ta hana cinikin bayi a 1807 masana'antar ta karkata ga albarushin fasa duwatsu. A Jamus, Max Duttenhofer na Rottweil ya buɗe wata babba a Düneberg a bakin kogin Elbe wajen 1877, don ta kasance kusa da tashar jiragen Hamburg.

Ma'aikaci ba ya shiga wurin aiki da kayan jikinsa. Akwai ɗakin sauya tufafi a bakin ƙofa, inda zai tuɓe nasa ya sa na ma'aikata, waɗanda ba su da aljihu balle maɓallin ƙarfe. Takalminsa na fata ne zalla, ba ƙusa ko ɗaya. Ana laluba shi ko ya ɓoye lofe ko ashana, wanda aka kama da su kuwa ya bar aiki a ranar. Daɓen ɗakunan an shimfiɗa masa fatu an kafe su da ƙusoshin jan ƙarfe, shebur da guduma na katako ne ko na tagulla, domin baƙin ƙarfe yana fid da tartsatsi. Ko tsakuwa guda ta shiga ƙarƙashin dutsen niƙa ta isa ta tashi ɗaki. In dare ya yi, fitila a waje take, haskenta na shigowa ta gilashi.

Aikin mataki-mataki ne, kowane mataki da ɗakinsa, kuma an nisanta ɗakunan da juna, an tare tsakaninsu da tudun ƙasa da itatuwa. Za a tace gishiri da farar wuta, a niƙa kowanne daban, a gauraya. Mai niƙa zai baza haɗin a faranti, ya yayyafa ruwa, ya saki duwatsu su yi ta juyawa na wasu sa'o'i. Daga nan a kai ɗakin matsa, a danne shi ya zama fale-falen allo masu tauri. Sai ɗakin ɓarza, inda ake farfasa allunan su zama ƙwaya a tankaɗe. Bayan haka a goge ƙwayar a cikin ganguna masu juyawa, a busar a ɗakin zafi, a auna, a zuba a ganga. A Waltham Abbey da ƙananan jiragen ruwa ake kai kaya daga ɗaki zuwa ɗaki ta hanyoyin ruwa da aka haƙa, don gudun girgizar amalanke.

Ɗakin niƙa shi ya fi yawan tashi, amma da yake zubinsa kaɗan ne, sau da yawa rufi kawai yake yayewa, mai aikin ya tsira da ƙuna. Ɗakin matsa da ɗakin ɓarza su ne makasa, saboda albarushin da ke cikinsu yana da yawa, ƙurarsa kuma ta cika iska. A watan Afrilun 1801 ɗakin ɓarza na Waltham Abbey ya fashe, ya kashe mutum tara da dawaki huɗu. A watan Afrilun 1843 wata fashewar ta kashe mutum bakwai a wurin. Gaggawar yaƙi takan ninka hatsarin: a Grenelle ta birnin Paris, inda aka cusa ma'aikata masu ɗimbin yawa don wadata sojojin juyin juya hali, fashewar ranar 31 ga Agustan 1794 ta hallaka ɗaruruwan mutane, ma'aikata da maƙwabta.

Me ake biyan su?

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa mutum mai hankali ya karɓi irin wannan aiki? Amsar tana cikin halin da talakan karkara yake ciki. A kudancin Ingila, a farkon ƙarni na 19, leburan gona yana samun tsakanin sule bakwai da sule goma a mako, kuma in sanyi ya shigo aikin yakan yanke. A ƙauyen Tolpuddle an rage ladan har zuwa sule bakwai, ana shirin mai da shi shida, kuma mutum shida da suka haɗa ƙungiya don su ƙi, a 1834 aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostareliya. Wanda ya fito daga irin wannan rayuwa, in aka nuna masa aikin da ladansa ya ɗara na gona, ba rani ba damina, ga gida kusa da wurin aiki a haya mai sauƙi, ga ɗan lambu a bayansa, ba zai daɗe yana shawara ba.

Ladan kuma hawa-hawa ne. Mai share fili da mai tura kaya suna ƙasa, masu niƙa da masu matsa da masu ɓarza suna sama da su, kafintocin injin da masu haɗa ganguna kuwa masu sana'a ne, nasu daban. A masana'antun gwamnati ma'aikaci yakan ƙara samun wani abu in ya yi gadin dare bayan aikinsa na rana. Aikin yakan bi jini, uba ya shigar da ɗansa, ɗa ya shigar da ƙanensa. Masu masana'anta suna son haka, domin wanda ya tashi yana jin dokokin wurin tun yana yaro ya fi baƙo kiyayewa. Illar abin ita ce fashewa ɗaya takan ɗauke maza biyu ko uku daga gida guda.

Wani abin da ke raunana wannan lada shi ne rataye yake a wuyan yaƙi. Muddin ana gwabzawa da Napoleon, duwatsu ba su tsaya ba dare da rana. Da aka yi sulhu a 1815, gwamnati ta rufe masana'antarta ta Ballincollig a ƙasar Ireland, ta sallami mafi yawan ma'aikatan Waltham Abbey, ta kuma saki ta Faversham, wadda daga baya ta koma hannun John Hall. Mutumin da ya yi shekara goma yana tsallake wuta sai ya wayi gari ba aiki, wani lokaci ba gida, tun da gidan na ma'aikata ne. Masana'antu masu zaman kansu da suka tsira, kasuwar ma'adinai da kasuwar Afirka ce ta riƙe su.

In mutum ya mutu a bakin aiki, abin da iyalinsa za su samu ya danganta ga wanda yake yi wa aiki. A masana'antar gwamnati matar mamaci takan kai kuka a rubuce, a yanka mata ɗan fansho. A ta 'yan kasuwa kuwa sai abin da maigida ya ga dama, da abin da jama'ar gari suka tara na taimako. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma haka shari'ar Ingila ta lokacin take kallon lamarin: wanda ya karɓi aiki yana sane da hatsarinsa, ya riga ya karɓi hatsarin tare da ladan.

Misalin Brandywine

Inda tsarin lada ya fi fitowa fili shi ne Amurka, a masana'antar da Éleuthère Irénée du Pont ya kafa a bakin rafin Brandywine a jihar Delaware. Ya koyi sana'ar a Essonnes ta Faransa, a hukumar albarushi da masanin nan Lavoisier ya shugabanta. A 1802 ya sayi filin a kan dala 6,740, a 1804 ya fara sayar da albarushi. Ɗakunan aikinsa bango uku ne na dutse mai kauri, na huɗun da rufin kuwa marasa ƙarfi ne, suna fuskantar rafi, don in wuta ta tashi ƙarfinta ya nufi ruwa. Daga nan ma'aikata suka sami salon maganarsu: in an ce wane ya ƙetare rafi, to, fashewa ta ɗauke shi.

Mafi yawan ma'aikatan 'yan ci-rani ne daga Ireland. Ba a cika danƙa musu kuɗi a hannu ba. Kowa yana da shafinsa a littafin kamfani, a rubuta ladansa a gefe ɗaya, a rubuta abin da ya ci a ɗaya gefen, kuɗin abinci da na kanti da na jirgin da aka biya wa ɗan'uwansa don ya taso daga gida. Tun daga 1813 wanda ajiyarsa ta haura dala 100 ana ƙara masa kashi shida cikin ɗari a shekara. Wannan ya taimaki wasu har suka sayi gonaki, ya kuma amfani kamfanin, domin kuɗin suna juyawa a hannunsa, mai ajiya kuma ba ya saurin tafiya.

A ranar 1 ga Janairun 1811 aka kafa dokokin aiki a rubuce. Duk da haka, a watan Yunin 1815 fashewa ta kashe mutum tara, kuma a nan ne du Pont ya yanka wa matar kowane mamaci dala 100 a shekara tare da gidan zama. A lokacin, leburan birni a gabashin Amurka yana samun kusan dala ɗaya a yini, wato fanshon shekara bai wuce ladan kwana ɗari ba. A watan Maris na 1818 aka yi babbar fashewa wadda ta kashe fiye da mutum talatin, ta raunata matar du Pont kansa a cikin gidanta da ke kan tudu. An ɗora laifin a kan wani shugaban ma'aikata da ya sha barasa, daga nan aka hana ta a wurin. Iyalin masu masana'antar ba su tsira ba su ma, domin ɗansa Alexis ya mutu a fashewar 1857. Daga 1802 zuwa 1921, lokacin da aka rufe wurin, an ƙidaya fashewa 288 da mamata 228.

Fanshon nan alheri ne, amma kuma dabara ce ta riƙe ma'aikata. Matar da aka bar wa gida takan karɓi samarin ma'aikata tana dafa musu abinci a biya ta, 'ya'yanta maza kuma in sun girma ƙofar masana'antar ce mafi kusa da su.

Daga alherin maigida zuwa doka

An daɗe kafin abin da ake bayarwa don tausayi ya zama haƙƙi. A Ingila, abin da ya zaburar da majalisa ya faru ne a tsakiyar Landan, ba a kwarin da talakawa ke aiki ba. Da asubar ranar 2 ga Oktoban 1874 wani jirgin dakon kaya ɗauke da tan biyar na albarushi ya fashe a ƙarƙashin wata gada kusa da Regent's Park, ya kashe matuƙansa, ya rushe gadar, ya farfasa gidajen masu hali. A shekarar da ta biyo, 1875, aka yi dokar abubuwa masu fashewa. Ta wajabta lasin, ta ƙayyade yawan mutane da yawan albarushin da za a tara a ɗaki guda, ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a ɗakin hatsari sai da babba a kansa, ta kuma naɗa sufetoci ƙarƙashin Vivian Majendie, masu binciken kowace fashewa. Dokar biyan diyyar ma'aikata kuwa sai 1897 ta zo.

Jamus ta riga Ingila a wannan fage. Dokar inshorar hatsarin aiki ta zamanin Bismarck ta ambaci masana'antun abubuwa masu fashewa a cikin waɗanda ta shafa. Masu masana'antu ne ke zuba kuɗin. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi biyu cikin uku na ladansa, matar mamaci kashi 20 cikin ɗari, kowane yaro kashi 15, muddin jimla ba ta wuce kashi 60 ba. Kwanan watan dokar shi ne 6 ga Yulin 1884, kwana ɗaya tak bayan yarjejeniyar Nachtigal a gaɓar Togo.

Masu daka da masu ɗauka

Ƙasar Hausa ta san bindiga tun kafin wannan zamani. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, an shigo da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Amma inda aka mai da haɗa albarushi aikin fada sosai shi ne Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ya tara dubban bindigogi, ya sa an ƙera igwa a Zinder, ana kuma haɗa albarushi a garin, da gishirin da ake tacewa daga ƙasar yankin da farar wuta da ayarin Tarabulus ke kawowa. Babu kogin da zai juya dutse a can, don haka turmi da taɓarya ne da ƙarfin damtse.

Ƙarfin fadar Damagaram a kan bayi yake, har 'yan bindigar ma mafi yawansu bayin sarki ne. Wanda aka sa daka, in bawa ne, ba shi da lada sai ci da sutura. In wuta ta ci shi, ba a lissafa ta a matsayin rashin da za a biya iyalinsa, asarar ubangijinsa ce. A fiƙihun da ake bi a ƙasar, ɗa in an kashe shi ana biyan diyya ga magadansa, bawa kuwa ƙimarsa ake biya, kuma ga mai shi.

Ɗan alaron da ya ɗauki ganga daga Lome ɗa ne, kuma ana biyansa, amma ladan tafiya ne kawai. Kayansa yakan kai kilo 25 zuwa 30, a kai, kwana da kwanaki, ta Kpalime ko Atakpame zuwa Kete-Krachi da gaba. Kowane dare ayari yana sauka inda ake hura wuta ana dafa abinci, ga ganguna a jibge, babu ɗakin sauya tufafi, babu sufeto, sai lurar madugu. Darajar da gwamnatin Jamus ta ɗora wa yinin baƙin mutum a Togo tana bayyana a dokar aikin haraji ta 1907, zamanin Gwamna Zech: kwana 12 a shekara, ko mutum ya fanshi kansa da mak shida, wato rabin mak ke nan a yini. A lokacin leburan birni a Jamus yana samun mak biyu zuwa uku a yini, ga kuma inshora a bayansa. Dokar 6 ga Yuli ba ta sauka a gaɓar da aka kafa wa tuta ranar 5 ga wata ba. An gama gadar sauke kaya ta Lome a 1904, jirgin ƙasa ya isa Kpalime a 1907, ya isa kusa da Atakpame a 1911, daga nan dakon kai ya fara ja da baya a waɗannan hanyoyi.

Kalmomin da labarin ya bari

Ga ɗalibin Hausa, kalmomin wannan fage suna nuna hanyar da abin ya biyo. Albarushi daga Larabci yake, al-barud. Bindiga daga bunduƙiyya, harsashi daga ar-rasas, wato darma, kibiritu daga kibrit. Wannan shaida ce cewa Bahaushe ya san makamin ta hannun masu jin Larabci tun kafin gangunan Turawa su iso ta teku. Alaro kuwa daga Yarbanci aka aro ta, lebura daga Ingilishi, domin su kalmomin hanyar kudu ne. Adaka, sunan bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, daga aikatau ɗin daka ta fito. Har yau in abu ya fashe da ƙara, ko tayar mota ce, sai a ce ya yi bindiga.

Haka kuma Hausa ta rarrabe nau'o'in biya. Lada na aikin da aka gama ne, yini ko jinga, kuma ita ce kalmar sakamakon Lahira. Albashi na wata-wata ne. Fansho na bayan aiki ne. Diyya kuwa ta jini ce. Ma'aikacin Brandywine ya sami lada da ɗan abin da ya yi kama da diyya bisa ganin damar maigida. Na Düneberg ya same ta bisa doka. Yaron Sisili da mai tace gishiri na Bihar bashi suka gada, ɗan alaron Togo ya tsaya a lada, bawan Damagaram kuwa ko ladan bai gani ba.

Tsohon zangon Lome, wanda ya girma a tsakiyar gari, an rushe shi a 1977, aka mai da mazaunansa kimanin kilomita 15 arewa da birni, manyan gine-ginen bankuna suka tashi a yankin. Low Wood ta daina aiki a 1935, Brandywine ta zama gidan tarihi mai suna Hagley. Albarushin da ya rage a rayuwar Hausawa shi ne na maharba da na 'yan bindigar sarki, waɗanda ke cika fili da hayaƙi ranar Hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, kuma har yanzu da hannu ake ɗura shi.